Wane bawunti ne ya cancanci datarka? Muhawara daga zauren 'yan kirifto na Katsina

Umar Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum manyanmu. Ina neman shawara. Kamfen ɗin bawunti uku ne a gabana, wato aikin tallar da ake yi wa kamfanonin kirifto su biya lada, kuma ba zan iya haɗa su duka ba. Na farko sun ce sun ware koyin ɗinsu na dala 100,000, sati 8, aikin X da Telegram da rubutu, kowa na iya shiga, amma koyin ɗin bai fashe ba tukuna, wato ba a fara cinikinsa a kasuwa ba. Na biyu USDT 3,000 ne kacal, wato koyin ɗin da ke tafiya daidai da dala, sati 4, sun ce kuɗin na hannun ɗan amana mai riƙe ladan har ranar rabo. Na uku na siginecha ne, wato tallar da ake liƙawa a ƙasan rubutunka a dandalin tattaunawa na Bitcointalk, duk sati ake biya da Bitcoin. Wanne zan kama?

Malam Kabir Rafindadi: Wa alaikumus salam ƙanena. Ajiye wannan dala 100,000 ɗin gefe tukuna, ɗauko biro. Rabon bawunti kamar adashe yake, da hannu ake lissafi. Duba dokokinsu za ka ga sun raba kuɗin gida-gida. A ce X aka ba kashi 20 cikin 100, dala 20,000 ke nan. Sannan za su ce mai mabiya 250 hannu ɗaya a sati, mai 1,000 hannu biyu, mai 5,000 hannu huɗu, ko wani tsari mai kama da haka. Tunda ba su sa iyaka ba, a ce mutum 3,000 suka shiga, a tsaka-tsaki kowa hannu biyu. A sati 8 hannu 48,000 ke nan. Raba 20,000 da 48,000, kowane hannu bai kai rabin dala ba. Kai mai hannu ɗaya a sati, hannu 8 gare ka, dala 3 da 'yan canji. Aikin wata biyu ke nan. Kuma wannan a farashin da su masu koyin ɗin suka yanka wa kansu ne, ba wanda kasuwa za ta yanka ba.

Shi kuwa na biyun, tambayar da za ka fara yi ita ce mutum nawa za su ɗauka. In X na da kashi 40, USDT 1,200 ke nan, in sun tsaya a mutum 200, kowa zai tashi da wajen 6 a sati 4. Ƙaramin ya ninka babban a rabin lokaci.

Nura Sabuwar Unguwa: Malam Kabir, da girmamawa, wanga lissafi ya cika tsoro. Wa ya taɓa gina gida da USDT 6? Duk waɗanda suka samu abin kirki a harkar nan koyin aka ba su tun bai da daraja. Uniswap ta raba UNI 400 ga kowane walet a Satumbar 2020. Notcoin ta fashe a Mayun 2024, mutane da yawa sun ji daɗi. In kowa ya ce sai mai USDT zai yi, to wa zai dace da irin waɗannan?

Sadiya Layout: Yaya Nura, misalan naka biyu duk ba bawunti ba ne. Uniswap kyauta ta yi wa waɗanda suka riga suka yi amfani da manhajarta, ba ta sa kowa tallar sati 8 ba. Kuma tunda ka kawo Notcoin, sai ka haɗa da Hamster Kombat da ta biyo bayanta a Satumbar shekarar. Jama'a sun kwashe watanni suna dannawa, da aka zo rabo yawancinsu dusa suka samu. Dalilin shi ne wanda Malam ya lissafa: tukunya ɗaya ce, masu miƙo kwano ne suka yi yawa.

Nura Sabuwar Unguwa: Na ji. Amma ai ba za a ce duk mai biya da koyin ɗinsa macuci ba ne.

Injiniya Bishir: Ba wanda ya ce haka, Nura. Abin da ake cewa shi ne koyin iri biyu ne, wanda ake cinikinsa yanzu da wanda ake alkawarin za a yi cinikinsa. Na biyun cinikin biri a sama ne, ba abin da za ka auna. Na farkon kuwa ana iya bincikarsa cikin minti goma, ga yadda ake yi.

Ka karɓi adireshin kwantiragin koyin ɗin, wato lambar da ke bambanta shi da kowane koyin, daga shafinsu na ainihi, ka gwada shi da wanda ke CoinGecko ko CoinMarketCap. Kada ka nema da suna, domin kowa na iya ƙirƙirar koyin ya laƙa masa sunan da ya ga dama. Sai ka liƙa adireshin a DexScreener ka duba abu biyu: likwiditi, wato kuɗin da aka zuba a rijiyar musayar, da cinikin awa 24. A nan ne yawancin mutane ke yi wa rogo kallon kitse. In an rubuta likwiditi dala 10,000, ma'anarsa wajen 5,000 ne kuɗi na gaske, sauran rabin koyin ɗin ne kansa. A irin rijiyar PancakeSwap ko Uniswap ta asali, in aka zuba koyin na dala 5,000 a kan wannan rijiya, dala 2,500 za a kwasa, farashin kuma ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. In na dala 20,000 aka zuba, 4,000 za a samu gaba ɗaya. Ko duk na dala 100,000 ɗin aka juye, abin da zai fito ba zai kai 5,000 ba, don ba a ɗebo abin da babu a rijiya. Saboda haka ka gwada girman ladan bawuntin da likwiditin. In ladan ya ninka likwiditin, waɗanda suka riga sayarwa a mintunan farko ne kaɗai za su ga wani abu.

Daga nan ka shiga BscScan ko Etherscan, gwargwadon layin da koyin yake, ka buɗe jerin masu riƙe da shi. In walet biyu ko uku ne ke riƙe da fiye da rabi, kuma ba na kulle ba ne, ba na ƙonawa ba, ba na kasuwar musaya ba, to ranar da suka ga dama za su juye a kanku. A ƙarshe ka sa adireshin a honeypot.is ko Token Sniffer. Akwai kwantiragin da aka rubuta ana iya saye amma ba a iya sayarwa, akwai wanda ke yankar haraji mai nauyi a kowane ciniki. Waɗannan shafukan ba ma'asumai ba ne, amma in sun nuna ja, magana ta ƙare.

Umar Ƙofar Marusa: Injiniya, to idan sun ce tabbas za a sa shi a Binance bayan an gama fa?

Injiniya Bishir: Romon baka ne har sai ita kasuwar ta sanar da bakinta a shafinta. Manyan kasuwanni ba sa son a riga su sanarwa. Mai yawan kiran sunansu a talla, galibi ba shi da komai a hannu.

Sadiya Layout: Bari in ƙara kan dokoki, don nan ne ake cin mutane ba su sani ba. Ƙanena Umar, ka karanta har ƙasa, ka nemi abubuwa huɗu. Ranar biya: an rubuta kwanan wata, ko cewa aka yi bayan an gama sayar da koyin? In na biyun ne, babu rana ke nan, kuma in ba su tara mafi ƙarancin abin da suka nema ba, ba wanda za a biya. Haka bawunti masu ɗimbin yawa suka ƙare a 2018 bayan guguwar ICO ta 2017, wato sayar da sabon koyin don tara jari, ta lafa. Sai tsarin saki: wasu kashi 10 za su ba ka ranar fashewa, sauran a riƙa ɗiga maka duk wata, kafin ya gama fitowa farashin ya mutu. Sai jimlar nan da ke cewa suna da ikon canza dokoki ko rage ladan a kowane lokaci. Kusan kowa na sa ta, amma in ta haɗu da rashin ɗan amana, kuɗinka na hannun tausayinsu ne. Na huɗu KYC, wato tantance ko kai wane ne da katin shaida.

Batun KYC ɗin nan ya fi sauran ciwo. Wasu ba za su ambace shi ba sai an gama aiki, sannan su ce sai fasfo na fita waje, ba sa karɓar takardar NIN, ko kuma ka tarar Najeriya ba ta cikin ƙasashen da manhajar tantancewar ke karɓa. Hannuwan waɗanda suka faɗi sai su koma aljihun kamfanin. Ka tambaya a fili tun ranar farko, ka ɗauki hoton amsar. Kuma ka auna da kanka, hoton fuskarka da katinka a hannun mutanen da ba ka san ko su wane ne ba, a kan dala 5. BVN kuwa ba shi da wata alaƙa da bawunti, duk wanda ya nema ka fita.

Malam Kabir Rafindadi: Madalla Sadiya. Shi ma ɗan amanan, ba rubuta sunansa ne hujja ba. Sai shi da kansa ya fito da nasa akawun ya ce ga adadin da na karɓa, ga adireshin da kuɗin ke ciki. Kai kuma ka ɗauki adireshin ka duba, in da T ya fara Tronscan, in da 0x ne BscScan ko Etherscan. Kuma a lura, in koyin ɗin kamfanin aka ba shi ya riƙe, abin da ya lamunce maka shi ne za ka samu koyin, bai lamunce maka daraja ba.

Manaja kuma ana gane shi da tsofaffin ayyukansa. Buɗe kamfen uku na baya da ya gudanar, ka tsallake zuwa shafukan ƙarshe. Can ake ganin gaskiya, ko dai mutane na godiya an biya, ko ana ta tambayar yaushe za a biya ba amsa. Ka duba jadawalinsa na Google Sheets, yana cika hannuwa duk sati ko sai ya tara na wata guda? Mai tarawa shi ne zai zo a ƙarshe ya zubar da rabin mutane ba tare da sun samu damar gyara kuskure ba.

Malam Sani Daura: Ku yi haƙuri in sa baki kan na ukun, don na ga an tsallake shi. Ɗana Umar, me za ka liƙa a ƙasan rubutunka? Mafi yawan kamfen ɗin siginecha da ke biya da Bitcoin duk sati na gidajen caca ne. A da akwai na masu gauraya Bitcoin don ɓatar da sawu, amma an hana tallarsu a can tun 1 ga Janairun 2024, sai caca ta ƙara mamaye wurin. Wasu ma sharaɗi ne sai ka yi rubutu kaza a sashen caca duk sati. Biyansu ya fi na kowa tabbas, wannan gaskiya ne, amma caca ba abin da musulmi ke shakka a kansa ba ne, kuma mai yi mata talla yana taimakawa ne a kanta. Ka danna mahaɗin da za su ba ka tukuna ka ga inda zai kai ka.

Nura Sabuwar Unguwa: Baba Malam, wannan kam ba gardama. Akwai dai 'yan kaɗan na kasuwannin musaya da na walet, amma kujerunsu ba sa daɗewa.

Abdulhadi Dutsin Safe: Kuma ko na halal ɗin ne, Umar bai faɗi matsayinsa ba. Galibinsu daga Full Member suke ɗauka. Wannan matsayi na buƙatar merit 100 da ma'aunin aiki 120. Ma'aunin aikin ba ya wuce 14 a kowane sati biyu komai yawan rubutunka, don haka wajen wata huɗu ne mafi sauri. Merit kuwa tun da aka kawo shi a Janairun 2018, wasu ne ke ba ka in rubutunka ya amfane su, ba a samunsa da yawan surutu. Jr. Member merit 1, Member 10, Sr. Member 250, Hero 500. Kada ka sayi akawun, in aka gane za a shafa masa ja, wato alamar rashin amana, ba manajan da zai sake ɗaukarsa. Kwafe rubutun wani kuma korar dindindin ce, ko jimla biyu ce.

Umar Ƙofar Marusa: Jr. Member nake, Yaya Abdulhadi. Ashe ma ban kai ba.

Abdulhadi Dutsin Safe: To na uku ya fita da kansa.

Nura Sabuwar Unguwa: Tunda hannu ɗaya ba ya kawo komai, mi zai hana mutum ya shiga da akawun uku?

Malam Kabir Rafindadi: Abu biyu. Na farko ha'inci ne, hannun wani kake ci. Na biyu ana kamawa cikin sauƙi, don komai a buɗe yake. Walet uku sun karɓi lada, duk sun tura wa adireshi ɗaya, ko walet ɗaya ne ya ba su kuɗin gas, wato kuɗin da layin ke caja a kan kowane turawa. Wanda ya iya duba BscScan zai haɗa su a minti biyar, kuma akwai masu bin jadawali suna farautar irin wannan. Ranar da aka kama ka, har na gaskiyar zai tafi.

Sadiya Layout: Wani abin da ke zubar wa mutanenmu hannu shi ne lokaci. Agogon UTC suke amfani da shi, mu kuma muna gabansa da awa ɗaya. In an ce rahoto ya shiga kafin 23:59 na Lahadi, a nan ƙarfe ɗaya saura minti ɗaya ne na daren, wayewar Litinin. Amma in 12:00 aka ce, ƙarfe ɗaya na rana ne, kada a ruɗe. Da yanayin wutar KEDCO da na sabis, kada ka bar rahoto sai ranar ƙarshe, ka tura tun Juma'a. Kuma yawancin manajoji ba sa karɓar rahoton da aka yi wa gyara bayan an tura, sai ka duba mahaɗanka sau biyu kafin ka danna.

Tsawon kamfen ma abin dubawa ne. An rufe Twitter a ƙasar nan daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma a Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan. Kamfen na wata uku da ke da dokar cewa in ka rasa sati biyu an cire ka, abu kaɗan ne zai cinye maka duka. Sati 4 zuwa 6 ya isa.

Injiniya Bishir: A saka kuɗin kwasowa a lissafi. In a layin Ethereum za a biya, sai kana da ETH a walet ɗin kafin ka motsa komai, kuma sayarwa mataki biyu ce, ba da izini sannan musaya, kowanne da kuɗin gas ɗinsa. In layin ya cika, gas ɗin na iya fin ladan dala 3. Koyin na layin BNB (BEP20) na son BNB kaɗan, na layin Tron (TRC20) na son TRX. Kada ka ba da adireshin ajiyarka na kasuwar musaya a kan koyin da kasuwar ba ta san shi ba, zai shiga amma ba za ka gan shi ba, fito da shi kuma wahala ce in ma ya yiwu. Ko USDT ne, duba mafi ƙarancin abin da kasuwar ke karɓa. Sannan data, tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a Janairun 2025, aikin bidiyo na YouTube ko TikTok a kan ladan da ba tabbas ba ya fi ƙarfin riba.

Sai walet. Buɗe sabo a Trust Wallet ko MetaMask da nasa kalmomin sirri 12 daban, na bawunti kawai, kada ya haɗu da inda ajiyarka take. Dalili shi ne ranar rabo ake yin ɓarna. Za a turo mahaɗi a ce zo ka karɓi ladanka, ka haɗa walet, ka danna amincewa, alhali izini ka bayar a kwashe USDT ɗinka ba iyaka. Duk wata ka shiga revoke.cash ka soke izinin da ba ka buƙata. Admin na gaskiya ba ya fara yi maka magana ta bayan fage a Telegram. Kuma ladan da sai ka tura kuɗi kafin a sake shi, babu shi.

Hajiya Rabi Ƙofar Ƙaura: 'Ya'yana, duk lissafin riba kuke yi, ba wanda ya taɓo mutunci. Tallar nan da sunanku kuke yin ta, kuma masu ganinta 'yan unguwarku ne da abokan karatunku. In aikin yana alkawarin riba kaza duk rana, ko kuɗinka ya ninka a wata, ko sai ka kawo mutane ka samu, wannan ba bawunti ba ne, dillancin damfara ne. Kowa ya ga yadda CBEX ta rufe da kuɗin jama'a a Afrilun 2025. Kuma dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu gudanarwa da masu tallata irin wannan. A kan dala 4 ba a jawo wa gida magana.

Abdulhadi Dutsin Safe: Gaskiya ne Hajiya. Ga mai iya rubutu ko zane ko haɗa bidiyo kuma, akwai shafin Superteam Earn, inda galibi da USDC, ɗan uwan USDT, ake biya kuma an rubuta ladan na ɗaya da na biyu da na uku a fili. Gasa ce, za ka iya yi ka tashi ba komai, amma aikin na nan a matsayin shaidar iyawarka. Kamfen ɗin shafin Zealy kuwa, ka duba mutum nawa na saman jeri za a biya, in 50 ne kuma ka tarar mutum dubu sun riga ka da sati biyu, wuce kawai. Na shafin Galxe da yawa ƙuri'a ake jefawa bayan an gama aikin. Fassara kuma hannunta na da tsoka, sai dai ba kasafai ake sa Hausa a jeri ba, tambaya ake yi, kuma wanda aka kama da fassarar inji ja zai sha.

Umar Ƙofar Marusa: Na gode ƙwarai manyana. Na je na duba. Na farkon a sati na biyu suke, sunaye a jadawalin X sun haura 4,000, kuma an rubuta kashi 15 za a saki ranar fashewa. Na biyun mutum 250 za su ɗauka, saura gurbi 60, ba KYC. Amma adireshin da aka ce na ɗan amana ne, USDT 1,500 na gani a Tronscan, ba 3,000 ba.

Nura Sabuwar Unguwa: To fa. Ko an riga an biya wani kaso?

Malam Kabir Rafindadi: Tarihin adireshin zai nuna. Duba abin da ya shiga da abin da ya fita. In 3,000 ya shiga aka fitar da rabi zuwa adireshi masu yawa, biyan zagayen farko ne. In 1,500 ɗin ne kawai ya taɓa shiga, rabi aka ajiye, kuma ya kamata a ce sun faɗa. Rubuta tambayar a bainar jama'a ƙarƙashin sanarwar, ba ta bayan fage ba, ka ambaci sunan ɗan amanan, ka sa mahaɗin Tronscan ɗin. In sun ce sauran zai shigo a sati na biyu, ka yi lissafinka a kan 1,500: kashi 40 ɗinsa 600 ne, a raba wa 250, USDT 2.4 kowa. Ka ga ko ya biya maka datar sati 4.

Sadiya Layout: Kuma cika fom ɗin yanzu kafin gurbin ya ƙare, rajista ba ta cin komai. Aikin ne kada ka fara sai sun amsa.